Hukuncin karanta ƙagaggen labari kan masu sauya jinsi a Jamus ta zamanin Hitila

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗaliba ce mai karantar tarihi a jami'a. Wata ƙawata ta ara mini littafin ƙagaggen labari da aka gina a kan Jamus lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Jigon labarin wani ne da aka haifa namiji amma yake rayuwa a matsayin mace, yana ɓuya daga gida zuwa gida don gudun 'yan Nazi. Da aka kama shi sai da na yi hawaye. Tun daga nan zuciyata ba ta kwanta ba. Shin na yi laifi da na karanta? Tausayin da na ji kuwa, ba yarda ba ce da abin da Allah ya hana?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. 'Yata, Allah ya ƙara miki tsoronsa. Ba ki yi laifi ba, in dai littafin ya kuɓuta daga abin da zan ambata a ƙasa, kuma hawayenki ba zunubi ba ne.

Mu fara da ƙagaggen labari kansa. Ƙaryar da shari'a ta haramta ita ce wadda ake so mai ji ya ɗauke ta gaskiya. Labarin da marubuci da mai karatu duk suka san ƙirƙira ce bai shiga nan ba. Shekaru aru-aru malamanmu suna karantar da Muƙamatul Hariri a zaure, kowa ya san Abu Zaid ɗin da ke ciki ba ruwaya ba ce, ba a kuma taɓa cewa sun koyar da ƙarya ba. Ba da labarin saɓo ma ba saɓo ba ne. Alƙur'ani ya kawo maganar Fir'auna da bakinsa, ya kawo abin da matar Azizu ta yi, ya kuma rufe suratu Yusuf da cewa a cikin labaransu akwai izina ga masu hankali.

Abin da marubucin ya jingina da shi kuwa ya faru da gaske. Kafin Hitila ya hau mulki a Janairun 1933, akwai wata cibiya a Berlin da wani likita Bayahude, Magnus Hirschfeld, ya kafa a 1919, inda irin waɗannan mutane suke zuwa, har 'yan sanda kan ba wasunsu takardar izinin sa tufafin ɗaya jinsin. Ranar 6 ga Mayu 1933 ɗalibai masu goyon bayan Nazi suka afka wa cibiyar, da 'yan badujala suna busa, suka kwashe littattafai, bayan kwana huɗu aka cinna musu wuta a dandali. A 1935 aka tsananta sashe na 175 na dokar laifuka, wanda ya haramta luwaɗi, aka hukunta maza kusan 50,000 da shi, dubbai daga cikinsu aka tura su sansanoni irin su Sachsenhausen da Buchenwald, an ɗinka musu ƙyalle ruwan hoda mai kusurwa uku a ƙirjin riga. Da yawa daga mazan da ke rayuwa a matsayin mata an cusa su cikin wannan rukuni. An kashe wasu da aikin bauta da yunwa, an fiɗiye wasu, an yi gwajin magani a jikin wasu. Gwamnatin da ta yi wannan ita ce ta hallaka Yahudawa miliyan 6, ta kashe naƙasassu a asibitocinsu. Ba wani malamin da ya san Allah da zai kira wannan da wani suna in ba zalunci ba.

To, ina matsayin shari'a kan aikin kansa? A fili yake. Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata da mata masu kamanta kansu da maza. Don haka jumhurun malamai ba su halatta wa wanda halittarsa ta cika ya sauya jinsi ba. Amma malamai ba su yi wa kowa kuɗin goro ba. Imam Nawawi ya raba su biyu: wanda aka halitta da laushin murya da motsi irin na mata, wannan babu zargi babu zunubi a kansa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan. Akwai kuma mata-maza, wanda fiƙihu ya ba shi hukuncinsa a sallah da gado, har Shaihu Khalil da mas'alarsa ya rufe Mukhtasar.

Ga wani hadisi da nake so ki riƙe. Abu Dawud ya ruwaito daga Abu Huraira cewa an kawo wa Annabi wani mutum da ya sa lalle hannu da ƙafa yana kamanta kansa da mata. Ya yi umarni aka fitar da shi zuwa Naƙi'u, wani wuri a wajen Madina. Aka ce, ya Manzon Allah, ba ma kashe shi ba? Ya ce: an hana ni kashe masu sallah. Malaman hadisi sun yi magana kan isnadinsa, wasu sun inganta shi, amma ki dubi siffar: an ƙi aikin, an kare jinin. Allah ya ce a suratul Ma'ida kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa ku ƙi yin adalci, ya kuma ce a suratul Isra'i ya karrama 'yan Adam, bai ware kowa ba. Tausayinki ga wanda aka azabtar daga nan ya fito. Yarda da aiki wani abu ne daban, wurinsa aƙida, ke kuma ga shi kin rubuto kina tsoron faɗawa ciki. Ina faɗin wannan da nauyi a zuciya, domin mu ma muna ganin yadda taron jama'a kan rufar wa mutum da duka a kan zargi, alhali hukunci na alƙali ne, ba na 'yan unguwa ba.

Sharuɗɗan su ne: idan littafin yana siffanta saduwa ko tsiraici dalla-dalla, wannan ɓangaren haramun ne, ki tsallake shi, in ya yi yawa ki ajiye littafin. Idan kika ji yana raunana miki yaƙini kan hukuncin Allah, ki bar shi ki nemi malami ku tattauna. Kada ki miƙa shi ga ƙannenki da ba su kai fahimtar bambancin nan ba. Tunda kuma tarihi kike karanta, kada ki ɗauki abin da marubuci ya ƙaga a matsayin hujja a aikinki sai kin tabbatar da shi a littattafan tarihi.

Wallahu a'alam.