Amsa: Land Cruiser tana kwanciya a kwana bayan an ɗaga ta

Malam, sannu da ƙoƙari. Ka ce tun da aka ɗaga Land Cruiser 80 ɗinka inci 3, wato aka ƙara mata tsayi daga ƙasa, take kwanciya gefe a kwana, sitiyari kuma na yawo. Kwanciyar dole ta ƙaru, tunda nauyin motar ya koma sama, amma kada ka saba da ita.

Fara leƙa ƙarƙashi ka duba sandar stabilaiza, wato ƙarfen da ke rage wa mota kwanciya a kwana. Sau da yawa ana barin gajerun hannayenta na asali waɗanda ba su dace da sabon tsayin ba, ko bakanike ya kwance su ya manta. Kama ta ka girgiza. In ta yi ƙwas-ƙwas, bushin, wato robar da ke riƙe ta, ya mutu. Sannan ka danna kusurwar motar da ƙarfi ka saki. In ta yi lilo fiye da sau ɗaya, shokan sun gaji ko ba su dace da sabon sifirin ba.

Yawon sitiyari kuwa matsalar kasta ce, wato karkatar da ke sa tayoyin gaba su dawo su miƙe da kansu. Ɗagawa tana rage ta a gatarin gaban 80, kuma alaimen na yau da kullum ba ya dawo da ita, sai kayan gyaran kasta, kamar bushin da aka yi don haka.

Don Allah sauke jarkoki da safaya daga rufi, ka rage gudu har a gyara.