In fara da React ko in tsaya kan HTML tukuna?

Ɗan'uwa, ka ce wata biyu ke nan da ka fara koyon gina shafin intanet, kana tambaya ko ka tsallaka zuwa React, wato tarin kod da aka riga aka shirya don gina fuskar shafi, tunda shi ake yayi. Shawarata, dakata tukuna. React da Facebook suka saki a 2013 kan JavaScript aka gina shi, in ba ka san JavaScript ba, kwafe kawai za ka riƙa yi, ranar da abu ya lalace ka rasa inda za ka kama.

Fara da HTML, shi ne ƙashin shafi. CSS ya yi masa kwalliya, JavaScript ya sa shi motsi. Gina ƙaramin shafi da ke lissafa kuɗin buhunan masara, ka buɗe shi a Chrome, ka danna maɓallin F12 ka ga kurakuran da jan rubutu. Karatun MDN, shafin koyarwa na kamfanin Mozilla, kyauta ne.

Batun tsabtar kod kuwa, wato rubuta shiri yadda zai yi sauƙin karantawa, nan na sha wuya. Na taɓa rubuta wa wani shago shiri, na sa wa abubuwa suna x, x2, sabonX. Bayan wata shida mai shagon ya ce a gyara farashi, wallahi kwana biyu ina kallon aikina kamar na baƙo. Da na rubuta jimillarKudi da farashinBuhu, da minti goma ya ishe ni. Kowane fankshan, wato guntun kod da ka sa wa suna don wani aiki, ya yi aiki ɗaya rak. In ya fara tsawo, raba shi.

Git ma, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen kod ɗinka, ka koye shi tun yanzu, kafin ka goge aikin mako guda da kuskure.