Me ya sa ba a kashe gizo-gizon bishiya?

Ɗana, saƙonka ya iso. Kana tambaya me ya sa manya ke hana kashe gizo-gizon da ke saƙa a bishiya, alhali su ne ke faɗa in an bar yana a kusurwar ɗaki, har su ce tana jawo tsiya.

Ta ɗaki dai ƙazanta ce, ƙura take tarawa, a share ta. Na bishiya kuwa aiki yake yi mana. In ka shiga lambun mangwaro a Dadin Kowa da almuru, tsaya ka duba tsakanin rassa. Akwai irin da sai rana ta faɗi yake fitowa. Zai saki zare iska ta kai masa wani reshe, ya ja zarurruka daga tsakiya zuwa gefe, sannan ya kewaye su da zare mai danƙo. Na farkon ba su da danƙo, su yake takawa. Idonsa takwas, amma ganinsa ba ƙarfi. Da ƙafa yake jin motsin ƙwaron da ya faɗa, ya ruga ya naɗe shi. Sauro da ƙwarin dare masu ɓata 'ya'yan itace, nan suke ƙarewa.

Da asuba sai ya kwance saƙar ya cinye abarsa, jikinsa ya sake sarrafa ta. Daga nan ya lafe a reshe, ya tattare ƙafafu, launinsa na ɓawo, bayansa ƙulu-ƙulu, ka rantse gaɓar itace ce. Tsuntsaye yake ɓoye wa, da zanzaro, wanda ke harbinsa jiki ya shanye, ya kai shi ɗakinsa na laka ya aje wa 'ya'yansa. Wannan babbar saƙa aikin mace ne fa, namijin ɗan mitsitsi ne.

Iyayenmu kuma suna da wani dalilin. Sun taso da labarin Hijira, shekarar 622 Miladiyya, cewa gizo-gizo ya yi saƙa a bakin kogon Saur da Annabi (SAW) da Sayyidina Abubakar ke ciki. Malamai sun saɓa kan ƙarfin ruwayar, amma ita ta sa mana kunyar wannan halitta, ni kuwa ina son kunyar nan ta ɗore.

Al'adar da ban yarda ka ɗauka ba ita ce liƙa yana a kan yanka don tsai da jini. A wanke da ruwa da sabulu, in ya yi zurfi a tafi asibiti. In kuma za ka yi feshi a lambu, kada ka wuce ƙima, don maganin har gizo-gizon yake kashewa.

Ka gaishe min da mutan gida.