Shin dole manhaja ta zama kama ɗaya a Windows, macOS da Linux?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko fuskar manhajarka za ta fito iri ɗaya sak a dukkan ukun. A ganina, kar ka matsa wa kanka. Launi, tambari, sunayen umarni da tsarin aiki su ne za ka daidaita ko'ina. Sauran kuwa, bar wa kowane dandali al'adarsa.

Dubi akwatin tabbatarwa. A Windows maɓallin OK na hagu, Cancel na dama. A macOS akasin haka ne. Wanda hannunsa ya saba ba ya tsayawa karatu, dannawa kawai yake yi, sai ya soke aikin da ya so ajiyewa. Haka ma kwafi: Ctrl+C a Windows, Cmd+C a Mac, inda jerin menu ke can saman allo, ba cikin taga ba.

In da Qt kake aiki, wato kayan gina manhaja don dandali daban-daban, sashensa na QDialogButtonBox zai jera maɓallan da kansa bisa al'adar kowane dandali, sashen QKeySequence kuma ya kula da gajerun hanyoyi irin su Ctrl+C. Electron, wani kayan gina manhaja, na ba da kama ɗaya cikin sauƙi tunda Chromium ne a ciki, wato tushen burauzar Chrome, sai dai akwai cin RAM, ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta.

Kuma kada ka ƙayyade faɗin maɓalli da pixel, wato ƙananan ɗigogin allo, domin rubutun kowane dandali da girmansa.