Ƙafata da ɗumi, amma jiri na ɗibana: me ciwon suga ya taɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Shekarata 57, na daɗe da ciwon suga. Tafin ƙafata ya bushe, ga faso, jijiyoyin bayan ƙafar sun kumbura, amma kullum da ɗumi, har abokina ya ce alamar jini na gudu da kyau ce. Sannan in na ɗago daga sujada sai jiri ya ɗebe ni. Akwai alaƙa? Daga wani magidanci, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ba da lafiya. Akwai alaƙa, kuma maganar abokinka ba ta kwantar min da hankali ba.

Hanyoyin jini ba koyaushe suke buɗewa ko tsukewa don kansu ba. Akwai siraran jijiyoyin saƙo da ke ba su umarni ba da saninka ba, su ne kuma ke kula da gumi da bugun zuciya. Suga idan ya daɗe yana hawa yana lalata waɗannan jijiyoyi, yana kuma toshe ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da su. Jijiya ta rasa abinci, hanyar jini ta rasa mai ba ta umarni, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa rauni.

A fatar ƙafa akwai wasu gajerun hanyoyi da jini ke iya ratsewa ya koma zuciya ba tare da ya shiga 'yan ƙananan hanyoyin da ke ciyar da fata ba. Jijiyoyin saƙo ne ke tsuke su. Da sun mutu, sai hanyoyin su zauna a buɗe, jini ya riƙa kwarara ta nan, kamar ruwan da ya bi lambatu ya wuce bai shiga cikin shukar ba. Shi ya sa ƙafar ke da ɗumi, jijiyoyin jini suka kumbura, alhali fatar ba ta samun rabonta yadda ya kamata. Gumi ya ɗauke, sai faso. Abin da ya fi damuna shi ne, a ƙafa mai lafiya, da ƙaya ta soki mutum jijiyoyi ke sa jini ya ƙaru a wurin don a fara gyara. A irin taka wannan ya yi rauni, ƙaramin ciwo sai ya zama gyambo.

Jirin ma tushensu ɗaya. In mutum ya miƙe, jini yakan gangara ƙafafu, nan take hanyoyin jini su tsuke don ƙwaƙwalwa ta samu. In saƙon ya makara, awon jini sai ya faɗi. Ka je asibiti, ko nan JUTH, wato asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, ko wanda kake zuwa, a auna ka a kwance, a sake bayan ka miƙe. In lambar sama ta sauka da 20 ko ta ƙasa da 10 cikin minti 3, an gano matsalar. Ka tafi da duk magungunanka, domin masu sa fitsari da amitriptyline da ake bayarwa don zogin ƙafa suna iya ƙara jirin. Kada ka daina ko ɗaya da kanka. In ka daɗe kana shan maganin suga na metformin, a duba bitamin B12, a kuma yi gwajin HbA1c, mai nuna yadda suga ya kasance a watanni biyu zuwa uku da suka wuce. Ga yawancin mutane ana son ya sauka ƙasa da kashi 7.

Kafin nan, ka riƙa tashi a hankali, ka ɗan zauna tukuna. Sanyin Jos kuwa, na san yadda yake sa mutum kusantar kasko, amma don Allah kada ka miƙa ƙafa ga gawayi ko ka tsoma ta a ruwan zafi, tana iya ƙonewa ba ka ji ba. Bayan alwala ka tsane tsakanin yatsu, ka shafa mai a dunduniya, ka duba tafin kullum, ka bar yawo ba takalmi.

Jijiyoyin saƙo na zuciya ma ba su tsira ba, har ciwon zuciya kan zo wa mai suga ba tare da ciwon ƙirji ba. In ka ji haki ko kasala mai tsanani ta taso maka farat ɗaya, a kai ka asibiti a ranar, kada a jira gobe.