Amsa ga ɗan'uwan da sabarsa ta ƙi tashi bayan sabunta kanel

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce bayan ka sabunta kanel, wato zuciyar manhajar Linux da ke sarrafa sassan na'ura, a sabarku (babbar kwamfutar da ke yi wa wasu hidima) ta Birnin Kebbi, na'urar ta tsaya a baƙin allo tana cewa ba ta ga faifan ajiya ba, alhali tsohon kanel yana tashi lafiya lau. Na sha irin wannan wahala a Gusau, shi ya sa na ga ya wajaba in yi magana.

Ina zargin matsalar tana cikin initramfs. Shi ƙunshi ne na direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sarrafa sassan na'ura, waɗanda kanel ke buƙata kafin ya kai ga faifai, kuma kowane direba an ɗinka shi ne daidai da kanel ɗinsa. Kanel yana duba alamar vermagic, wadda ke nuna kanel ɗin da aka gina direban dominsa, in ba ta yi daidai ba ya ƙi karɓa, don haka ɗaukar ƙunshin tsohon kanel a ba sabo ɓata lokaci ne.

Abin da ya fi cutar da mutane shi ne direbobi suna sauya suna ko a raba su. A kanel 3.8, a 2013, aka fitar da ehci-pci daga cikin ehci-hcd, direban USB, sai waɗanda suka rubuta jerin direbobinsu da hannu suka wayi gari kibod ɗin USB ba ya motsi a daidai lokacin da suke buƙatarsa. Ni kuwa cire direban faifai mai suna cciss da aka yi a kanel 4.14, a 2017, shi ya kama ni. Direban hpsa ya gaji aikin, faifan da na sani da /dev/cciss/c0d0 ya koma /dev/sda, ni kuma tsohon sunan na rubuta a fstab (fayil ɗin jerin faifai) da GRUB (manhajar da ke tayar da kanel). Tun bayan la'asar nake gaban na'urar, janareto na shan mai, sai bayan isha'i na gane inda gizo ke saƙa.

Tun daga ranar nan, UUID kawai nake sawa a maimakon sunan faifai, wato lambar shaidar faifai da ba ta sauyawa da sauyin direba. Kai ma ka duba naka da umarnin blkid ka gyara. In Debian ko Ubuntu kake, ka mayar da MODULES=most a fayil ɗin initramfs.conf maimakon dep, don a saka yawancin direbobi, ba waɗanda aka ga na'urar tana buƙata kawai ba. Ƙunshin zai yi nauyi, amma a ganina nauyin ya fi tsayawar aiki sauƙi. Sai ka sake gina shi da update-initramfs -u -k tare da lambar sabon kanel, ka leƙa cikinsa da lsinitramfs, ka ga direban faifanka da idonka kafin ka sake kunna na'urar. Ka duba ko /boot, inda ake ajiye kanel da ƙunshin, ya cika, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar gini, domin duka biyun suna iya hana ginin ƙunshin kammala.

Tsohon kanel ɗin nan da yake tashi kada ka goge shi tukuna. Ka tayar da na'urar da shi, ka turo mana abin da umarnin lspci -k ya nuna, mu ga direban da faifanka yake amfani da shi.