Tsohon masauki a ƙauyen Ingila: abin dubawa kafin a biya kafin alƙalami

Tambaya: Barista, a Birmingham nake zaune. Na ga wani tsohon masauki na sayarwa a wani ƙauye a Shropshire, an ce tun wajen 1680 aka gina shi, ƙasa mashaya, sama ɗakunan kwana. So nake in saya in rufe mashayar, in mai da wurin gidan abincin halal da masaukin baƙi. Dillali sai azalzala ta yake yi. Mene ne abin yi?

Amsa: Malam, ka bar dillali ya yi ta gaggawarsa, la'adarsa yake hange. Abin da za ka fara sani shi ne ko doka za ta bar ka ka yi abin da ya sa kake son ginin.

Babu mai tilasta maka sayar da giya. Amma a Ingila mai da mashaya gidan abinci ko otal sauya amfanin gini ne, kuma tun 2017 ba a yin sa sai da izinin sashen tsara gari na ƙaramar hukuma. In ita kaɗai ce mashaya a ƙauyen, izinin kan yi wuya. A wurin mutanen karkarar can, nan ne dandali, nan ake taro da hira, don haka za su rubuta ƙorafi. Galibi hukuma kan nemi shaidar cewa an daɗe ana tallar wurin a matsayin mashaya, sau da yawa shekara guda ko fiye, ba a samu mai saye ba. Kada ka ɗauka wasa ne: nan kusa da kai a Himley, bayan gobarar tsohuwar mashayar Crooked House da rushe ta a Agustan 2023, ƙaramar hukumar South Staffordshire ta ba da umarnin a sake gina ta yadda take.

Sai shekarun ginin. Gidan da aka gina kafin 1700, in bai canza kama sosai ba, kusan ko da yaushe yana cikin rajistar gine-ginen tarihi ta hukumar Historic England, wadda za ka iya dubawa kyauta a intanet. In yana ciki, dokar kare gine-ginen tarihi ta 1990 ta hau kansa ciki da waje. Sauya taga, cire tsohon murhu, fasa bango don faɗaɗa kicin, duk sai da izini na musamman, kuma yin su ba izini laifi ne da kan kai ga tara mara iyaka ko ɗaurin da ya kai shekara biyu. Inda masu saye suka fi faɗawa rami shi ne aikin da mai gidan na baya ya yi a ɓoye. Tsufan aikin ba ya wanke shi, kuma kai da ka saya za a ce ka mayar da komai da kuɗinka. Saboda haka ka ɗauko masanin tsofaffin gine-gine ya gwada abin da ke ƙasa da takardun izini, ɗaki bayan ɗaki.

Ka sa lauyanka ya bincika ko an yi wa wurin rajista a matsayin kadarar al'umma a ƙarƙashin dokar 2011, domin hakan kan jinkirta ciniki na watanni, ya kuma ƙara wa masu adawa da sauyin ƙarfi. Ya tabbatar kuma ginin da filin ake sayarwa, ba haya mai sharaɗin sayen giya daga wani kamfani ba. In kasuwancin na tafiya, ma'aikatan ma naka ne da duk haƙƙoƙinsu, bisa dokar 2006.

Ga shawarata. Ka fara biyan kuɗin neman ra'ayin jami'an tsara gari a rubuce kafin ka shigar da takardar neman izini. In amsar ta yi daɗi, a rubuta yarjejeniya mai sharaɗi: ciniki ba zai faɗa ba sai an ba ka izinin sauyin da na gyaran, in an hana a dawo maka da kuɗinka. Da zarar an yi musayar takardun yarjejeniyar ciniki ba wannan sharaɗi, kafin alƙalaminka, wanda yawanci kashi 10 cikin ɗari ne, ya tafi in ka janye. In mai sayarwa ya ƙi sharaɗin, ka nemi ginin da tun asali rajistarsa ta masaukin baƙi ce, ba mashaya a ciki.